Kofin da Ba a Cikawa

Ana tsakiyar darasin yamma wayar Davron ta motsa a aljihunsa, kuma tun kafin ya duba ya san ko wace ce. Ya bar taswirar kogunan kwarin Fargona a jikin allo, ya ce wa ɗalibai su ci gaba da kwafa, ya fita baranda.

"Davronjon," in ji Saodat-opa, shugabar gidan kula da tsofaffin da ke bayan tashar jirgin ƙasa, "mahaifinka ya sake fita."

"Yana ina yanzu?"

"Yana ɗakinsa, ko ƙwarzane babu. Motar gurasa ce ta shigo, ya bi ta gefenta ya fice. A tashar motocin haya muka tsince shi, da hularsa da takalminsa tsaf, yana tambayar direbobi hanyar wata unguwa da aka rushe tun ina 'yar makaranta. Ka san abin da ya ce wa mai shara da zai fita? Wai ya gode da karamci, a yafe masa ɗawainiya." Muryarta ta sauka. "Ina jin tausayinsa, Allah ya sani. Amma titin nan manyan motoci ke bin sa. Idan ya ƙara fita, hawa na sama zan mayar da shi. Ba ni da wata dabara."

Davron ya taɓa ganin hawa na sama, ranar da ya kawo mahaifinsa. Ƙofar ƙarfe ce a bakin matakala, tagogi da sanduna, mutane kwance da rana tsaka, idanunsu a buɗe amma ba sa kallon komai, saboda maganin da ake ba su don su natsu. Wanda ya hau can ba ya saukowa tsakar gida, ba ya ƙara ganin inabin da ke rataye a rumfa. Mazauna gidan ma, idan an ambaci wurin, da yatsa suke nuna sama su sauya zance. Ya daɗe tsaye a barandar bayan an kashe wayar, yana jin hayaniyar ɗalibansa ta bango, yana tunanin cewa shi ne ya kai mutumin nan gindin matakalar da hannunsa, abin da ya rage kawai a tura shi.

Shi ne auta, kuma kowa ya san gida na auta ne, iyaye ma nasa ne. Yayyensa biyu suna aikin gini a Rasha; bakinsu yana isowa ta waya kowane mako, hannunsu ne ba ya isowa. Norkul-ota, mahaifinsu, ya ƙare ƙarfinsa a gyaran injinan ban ruwa, amma ba da wannan unguwa ta san shi ba. An san shi da gadon katakon da ke ƙarƙashin rumfar inabinsa, inda butar shayi ba ta hucewa, inda mai wucewa kan shigo tambayar hanya ba ya tashi sai an kira magariba. Bayan rasuwar matarsa ne mantuwa ta fara cin sa a hankali, kamar gara a azara. Ya manta sunayen jikoki, ya manta hanyar masallaci. Wata rana ya ɗora buta babu ruwa a kan wuta domin wasu baƙi da suka daɗe a ƙarƙashin ƙasa, labule ya kama, rabin ɗakin girki ya ƙone. Muhayyo, matar Davron, da tsohon ciki ta kutsa cikin hayaƙin ta jawo shi. Har yau fatar damtsenta na dama a tattare take, kamar takardar da aka dunƙule aka warware. Bayan wannan ne Davron ya yi abin da ba a yi: ya kai mahaifinsa gidan tsofaffi. Tun daga ranar, dattawan unguwa a taƙaice suke amsa gaisuwarsa, a walimar safe kuwa, idan an zauna cin shinkafa, wurinsa yana can bakin shimfiɗa kusa da takalma. Bai ga laifinsu ba. Da shi ke raba wuraren zama, can ɗin zai ajiye kansa.

Dokar gidan tsofaffin ita ce dangi su zo ranar Lahadi, daga hantsi zuwa azahar. Saodat-opa tana da hujjarta: dangi kan shigo wa masu hawan jini da nama mai gishiri, su yi kuka, su tafi, su bar wa ma'aikata tsofaffi a birkice.

Ranar Lahadin ya tarar da mahaifinsa zaune a bakin gado, bayansa a miƙe, hannayensa a kan gwiwa, irin zaman mutumin da ke gidan surukai.

"Baba, me ya sa kake fita?"

Norkul-ota ya dube shi da fara'ar da yake yi wa wanda bai gama ganewa ba. "Yaro, ba a yi wa mutane nauyi. Mutanen kirki ne, ba su rage ni da komai ba. Amma idan an sallame ka, ai sai ka tashi."

"Wa ya sallame ka?"

"Su mana. Kullum."

"Ba wanda ya sallame ka, Baba. Nan ne wurinka."

"Ashe kai ma baƙo ne," in ji tsohon cikin tausasawa. "Ba ka san gidan ba tukuna."

Daga ɗaya gadon Eshmat-bobo ya tuntsire da dariya. Tsohon mabushin kakaki ne na bukukuwa. Ciwon sukari ya cinye masa ƙafa ɗaya, amma bai taɓa harshensa ba. "Malam, daina wahalar da kanka. Ni kullum roƙo nake a sallame ni, an ƙi. Shi kuwa ba wanda ya ce masa uffan, sai ka ga ya ɗau hula. Da ma mu yi musaya, ya ba ni ƙafa in ba shi hankali."

"Hankalin naka wa zai karɓa, bobo, ko kyauta?" in ji Nigina, ma'aikaciyar da ke kula da sashensu, tana canja zanen gado.

"Ke dai har yau ba ki ba ni amsar maganar aurenmu ba."

"Sai ran da ka yi mini rawa."

Da azahar, lokacin da ya kamata baƙi su watse, iskar nan mai ƙarfi da ake kira iskar Kokand ta taso kamar yadda ta saba, ba sallama. Ta karya wani babban reshe ya faɗo kan wayar lantarki daidai bakin ƙofa, mai gadi ya rantse ba wanda zai tsallaka sai masu gyara sun zo. Haka dangi suka maƙale a baranda har la'asar. Ta haka Davron ya ga shayin yamma a karon farko.

Nigina ta turo keken shayi tana sauri, don ita kaɗai ce a kan ɗakuna da yawa. Babu piyola ko ɗaya a kan keken, irin ƙananan kofunan tangaran marasa mariƙi da ake shan shayi da su a kowane gida. Manyan kofunan roba ne masu mariƙi biyu, don kada su kuɓuce wa hannu mai rawa. Ta cika ɗaya har baki, sai da ya ɗan zuba a faranti, ta ajiye gaban Norkul-ota. "Shanye duka, ota. Likita ya ce kada a bar ko ɗigo." Ta wuce.

Davron yana bakin ƙofa, ya ga abin da ya faru a fuskar mahaifinsa. Tsohon ya kalli kofin, ya kalli bayan yarinyar, kunnuwansa suka yi ja. Ya ɗora hannun hagu a ƙirji, ya sunkuyar da kai, ya ɗauki kofin ya shanye a tsanake ba tare da ya ajiye ba, ya shafa addu'a a fuska. Sannan ya duƙa yana laluben takalminsa a ƙarƙashin gado.

Nan take Davron ya tuna ranar da aka fara ba shi buta, yana yaro, kawunsa ya zo daga garin Rishton. Don ya nuna karamci, ya cika piyolar har baki. Kawun ya ƙyalƙyale da dariya ya ce to, auta ya kore ni, a miƙo mini sandata. Mahaifinsa bai yi dariya ba. Bayan baƙo ya tafi ya zaunar da shi ya ce: wanda kake so, kaɗan kake zuba masa, don ya yi ta miƙo kofi kana karɓa, hannunka yana haɗuwa da nasa, wanda ka cika wa kuwa, ce masa ka yi ya sha ya ba ku wuri. Ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. Kowane yaro a kwarin nan ya san shi, Nigina ta sani, mai gadi ya sani. Sai dai ba wanda ya ɗauki kofin roba na asibiti a matsayin magana. Norkul-ota ne kaɗai, wanda ya manta shekara ya manta sunan ɗansa, bai manta wannan ba. Kullum da la'asar ana korarsa cikin ladabi, shi kuma yana tafiya cikin ladabi.

Davron ya durƙusa ya riƙe takalmin. "Baba, iska ake yi. Masu gida sun ce a dakata."

Da ya kai wa Saodat-opa maganar cika kofin, ta saurare shi har ƙarshe tana murza goshi. Ta yi shekaru tana aikin jinya kafin ta karɓi gidan, ba ta da saurin mamaki.

"Ni ma a gidan da ake shan shayi aka haife ni, Davronjon. Da surukata ta ga na cika wa baƙo kofi, da a gidanmu na kwana. Wataƙila gaskiyarka ce. Amma duba nan. Zafi bai sauka ba, tsofaffi ba sa jin ƙishi, ƙodarsu ce ke bushewa. Dole kowa ya sha abin da likita ya ƙayyade. Idan kurɓi-kurɓi za a ba shi, sai mutum ya zauna a gabansa yana zubawa har rana ta yi sanyi. Wa zai zauna? Nigina? Hannu biyu gare ta."

"Ni zan zauna."

"Kai dangi ne. Dangi sai Lahadi."

"To ki ɗauke ni aiki, opa, ba albashi. Ki ba ni farar riga idan ita ce matsalar."

Ta kusa yin murmushi. "Idan na buɗe maka, gobe 'yar wance ta zo da tukunyar nama, jibi ɗan wane ya zo yana koya mini aikina."

"Idan kuma kika kai shi sama, ba zai sauko ba. Ke ma kin sani."

Ta daɗe tana kallon masu gyara ta taga suna saran reshen. "Gwaji ne," ta ce. "Ka riƙa zuwa da la'asar. Ya shanye rabonsa duka, kuma kada in ga hularsa a wajen ƙofa. Ran da na gani, magana ta ƙare, ba kuma za ka sake roƙona ba."

Ya roƙi wani abokin aikinsa suka yi musayar darussa, shi ya koma na safe. Ya ɗauko piyola biyu daga gida. Kwanakin farko abin ya yi kyau har ya ba shi tsoro. Yana zuba ɗan kaɗan, abin da zai rufe gindin kofi, mahaifinsa ya kurɓe ya miƙo, ya sake zubawa. Fuskar tsohon ta saki. Ya ba shi labarin wani inji da ya gyara a shekarar da kogi ya ƙafe, ya maimaita labarin, ya sake maimaitawa, kuma kafin labari ya ƙare ya sha fiye da abin da kofin roba ke ɗauka. Idan gyangyaɗi ya kama shi, Davron ya sulale ya tafi. A cikin motar haya yakan tambayi kansa ko abin da yake yi kulawa ce ko yaudara ce mai ladabi, bai taɓa samun amsar da ta kwantar masa da hankali ba.

Sai ranar da gyangyaɗin bai zo ba. Davron ya miƙe, tsohon ya miƙe.

"Tafiya za ka yi? To mu tafi tare. Mun daɗe, kada mu gundure su."

Ya lallashe shi, Nigina ta janye masa hankali da wani zance, Davron ya fita yana ganin an wuce wurin. Yana tsaye a bakin titi yana jiran mota ya ji an taɓa masa gwiwar hannu. Mahaifinsa ne, da hula, yana murmushi, wata babbar mota tana wucewa dab da kafaɗarsa.

Da ya mayar da shi ciki, Saodat-opa ba ta ɗaga murya ba. "Gobe da yamma likita zai zo, za mu hau da mahaifinka sama. Ka zo ku sha shayinku a tsakar gida, wannan ba zan hana ba." Shi ma bai roƙe ta ba, don ya yi alkawari.

Ya isa gida rana ba ta faɗi ba. Ya zauna a kan gadon katakon da ke ƙarƙashin rumfa, wanda ba a shimfiɗa masa komai ba tun tafiyar mai shi. Muhayyo tana yanka karas a bakin ɗakin girki, jaririyarsu tana barci a gefenta. Ya gaya mata komai, ya ƙare da cewa ya ɗauka ya gane ciwon, ashe rabinsa ya gane.

"Ko ɗigo nake zuba masa, tashi yake son yi. Cikakken kofi yana korarsa yau, rabin kofi yana korarsa anjima. Baƙo dai baƙo ne, komai daɗin zama."

Wuƙar ta tsaya a hannunta. "Ka taɓa ganin na zuba wa Baba shayi?"

"Kamar yaya?"

"Kowace suruka a unguwar nan ita ke zubawa, ban da ni. Ran da na fara ɗaukar butar, ina amarya, karɓewa ya yi ya ce 'yata, huta, wannan aikina ne. Har kuka na yi a ɗaki, na ɗauka bai yarda da ni ba."

Davron ya ɗago kai a hankali. "Mai gida ba ya tafiya," ya ce, kamar mai karanta rubutu daga nesa.

"Ina zai je ya bar baƙi?"

Ta shiga ciki ta hau kujera, ta sauko da butar daga saman kabad: ta tangaran ce, shuɗiya mai zanen furen auduga, an ɗaure bakinta da gwangwani tun wani tsohon karyewa, gefe ɗaya da tabon hayaƙin da wanki ya kasa fitarwa. Davron ya kalli butar, ya kalli damtsen da ke riƙe da ita.

"Ruwan zafi, Muhayyo. A hannunsa. Ke ce za ki ce haka?"

"Ranar gobarar ba kowa a kusa da shi," ta ce. "Baƙin da ya ɗora wa buta ba su zo ba. Gobe za su zo."

Washegari suka bar jaririyar wurin mahaifiyar Muhayyo suka tafi tare. A tsakar gidan tsofaffin akwai gadon katako a ƙarƙashin rumfa, wanda ba a cika hawa ba sai don shanya katifu. Muhayyo ta share shi, ta yi shimfiɗa, ta gutsuttsura gurasa, ta tsinko inabi ta wanke. Davron ya turo keken Eshmat-bobo. Wasu tsofaffi biyu suka biyo ƙamshin, wata tsohuwa ta leƙo ta taga sannan ta fito da sandarta. Duk kwanakin nan Davron yana zaunar da mahaifinsa a can ciki, wurin girma, nesa da ƙofa, inda ake ajiye babban baƙo. Yau ya kama hannunsa ya zaunar da shi a bakin shimfiɗa, inda mai gida ke zama. Muhayyo ta bari shayin ya ɗan sha iska, sannan ta ajiye butar a gabansa da hannu biyu, ta ja baya.

Norkul-ota ya kalli butar. Ya kai babban yatsa ya shafa ɗaurin gwangwanin. Ya ɗago ya bi fuskokin da ke kewaye da shi da kallo, ɗaya bayan ɗaya, sai girarsa ta haɗe.

"Wa ya bar mutane zaune ba shayi?"

Muryar ba ta mutumin da ke zama a bakin gado ba ce. Ya ɗauki butar. Davron ya miƙa tafin hannu ƙarƙashinta ba tare da ya taɓa ba, amma hannun da ke rawa wajen ɓalle maɓalli bai yi rawa a nan ba. Ya zuba a piyola ya mayar cikin buta, har sau uku kamar yadda ake yi don ganye ya saki, ya dakata kaɗan, ya zuba wa kansa na farko ya kurɓa. Sannan ya shiga zubawa, ɗan kaɗan ga kowa, yana miƙawa da dama, hagu a ƙirji.

Eshmat-bobo ya leƙa cikin tasa piyolar. "Norkul, wannan fa? Ko tsuntsu aka ba wa sai ya kai ƙara. Cika mini, mutumin kirki!"

"In na cika maka, da wace ƙafar za ka tafi?"

Dariya ta ɓarke har tsohuwar nan ta ƙware. Nigina, da ta taho da kofinta na roba a cike, ta tsaya tana kallo. Kowane zagaye sai mai gida ya taya baƙinsa sha, kuma zagayen ba ya ƙarewa. A hankali ta juya ta mayar da kofin kan keke.

Ana haka Saodat-opa ta fito, likita yana biye da ita, da wani ƙaƙƙarfan ma'aikaci daga hawa na sama. Hira ta mutu.

"Ota," ta fara, "za mu ɗan..."

"'Yata, a gidana ba a tsayawa a kan mutane. Hau nan. Magana bayan shayi."

Piyolar tana miƙe a gabanta, hannun tsohon yana jira. Ba a haifi wanda zai bar hannun dattijo a miƙe da shayi ba. Ta cire takalmi ta hau. Ta kurɓe ta miƙa da niyyar tashi, ya sake zubawa. Ta kurɓe, ya sake. Likita ya duba agogo, shi ma ya tsinci piyola a hannunsa.

"Opa, kin shiga hannu," in ji Eshmat-bobo. "Ba zai cika miki ba har tashin kiyama."

Daga waje motar gurasa ta yi oda. Mai gadi ya ja ƙofar ƙarfen ta buɗe gaba ɗaya, titi ya bayyana da rugugin manyan motocinsa. Davron ya kalli ƙofar. Ya san cewa duk abin da Saodat-opa ta gani zuwa yanzu bai amsa tambayarta ba: tsoho ya sha shayi, ya yi barkwanci, to sai me, idan ɗansa ya tashi? Zai iya jira a rufe ƙofa, ya sulale kamar da. Amma gobe ma akwai mota, jibi ma akwai. Ya ɗaga hannu ya shafa addu'a, Muhayyo ta dube shi, ta gane, ita ma ta shafa.

"Ota, mun gode. Za mu koma."

Norkul-ota ya ajiye butar. Ya sauko ya sa takalmi, ya gyara hula. Ma'aikacin nan ya yunƙura, Saodat-opa ta ɗaga masa yatsa ɗaya ya tsaya.

Suka ratsa tsakar gidan su uku, tsohon a tsakiya. Davron bai taɓa sanin filin yana da faɗi haka ba. Yana jin idanun mutane a bayansa. A bakin ƙofar akwai ƙarfen da ƙyauren ke gudu a kansa, a kwance a ƙasa kamar layi. Muhayyo ta tsallaka. Davron ya tsallaka, bai yarda ya waiwaya ba sai da ya yi taku kaɗan.

Mahaifinsa yana tsaye daga ciki, kan takalminsa dab da ƙarfen, hannu a ƙirji.

"Allah ya kiyaye hanya. Gobe ku dawo, kada ku sa in aika." Sai ya yafito Davron, ya kama hannun rigarsa, ya ƙura masa ido. "Kai ɗan wane ne?"

Davron ya ce, "Ɗan Norkul ne, mai gyaran injinan ruwa."

"Ka gaishe shi. Ka ce masa ya iya tarbiyya."

Ya sake shi, ya juya ga mai gadi. "Kai kuma rufe ƙofa mana, iska tana hure wa baƙina shayi! Direban nan, in ya gama sauke kaya, a ce ya shigo." Ya nufi rumfa da saurinsa, kamar wanda ya tuna ya bar aiki.

Daga can Eshmat-bobo ya dunƙule hannu a baki ya busa wani sauti irin na kakakin ɗaukar amarya, tsofaffin suka ɗauki tafi. Muhayyo ta rufe fuska da gefen mayafinta, kafaɗunta suna rawa, Davron bai san ko dariya take ko kuka ba, shi ma bai san nasa ba.

Saodat-opa ta iso bakin ƙofar, takalminta ɗaya bai gama shiga ba. Ta tsaya tana kallonsa ta tsakanin sanduna.

"Likita ya tafi?" Davron ya tambaya.

"Ina zai tafi? An sake zuba masa." Ta gyara takalmin. "Gobe da la'asar. Ka zo da wata butar, ɗaya ba za ta isa ba. Kuma ba kullum za ka iya zuwa ba, kai ma mutum ne. Mai gida kuwa ba ya zama ba baƙi. Eshmat yana da 'ya a garin Yaypan da take ta damuna a waya. Zan kira ta, in kira sauran. Kowa ya ɗauki yammarsa."

"Dangi fa sai Lahadi, opa."

"Kada ka koya mini aikina," ta ce. "Ka dai gaya musu ban da tukunyar nama."

Ta juya. Ta bayan kafaɗarta Davron ya hango mahaifinsa ya koma bakin shimfiɗa, ya ɗaga murfin butar ya leƙa, ya ɗago yana ƙwala wa Nigina kira ta kawo ruwan zafi, mutane suna jira.